Siririyar Wayar da Na Yanke

Ku da ke zama bisa bencin ƙofar shagona kuna jiran wayoyinku su cika, ku ɗan rage waƙar nan ku saurare ni. Jiya ina ciki na ji ɗayanku yana cewa wai gyaran kayan kuran, wato lantarki, ba sana'a ba ce: a kwance, a hura, a ɗaure, shi ke nan. Ban tanka ba, don a lokacin dalma tana tsakanin haƙorana. Amma maganar ta tsaya mani a wuya, shi ya sa na sayi kaye, littafin rubutu irin na ƴan makaranta, na zauna ina rubuta wannan da hannun da bai saba da alƙalamin bik ba. In kun ga harafi ya karkace ku bar shi, mai shi ma a karkace yake.

Sunana Lawali, amma a kasuwar Tasawa in ka ce Lawali mutum goma za su waiwayo. Ka ce Lawali Dalma. Lakwal, makarantar boko ke nan, shekara biyu na yi, na fito da abu biyu: bonjur mushe, gaisuwar malam da Faransanci, da tabo a bayan kunne. Sauran karatuna duk a cikin rediyon mutane na yi shi.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan shi ne fifita gawayi. Shekarar fari ce, ta farkon da na yi wayo na gani, sojoji ne bisa mulki, rumbunmu babu komai sai ɓeraye suna shiga suna fitowa da fushi. Babana ya kama hannuna ya kai ni wurin Maigida Sanda mai gyaran rediyo, ya ce mashi, "Sanda, ga shi nan. Ban ce ka koya mashi komai ba, kansa dutse ne. Ka dai ba shi abin da zai haɗiya da rana." Maigida Sanda ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To, bari mu gani ko hannun ya fi kan."

Lokacin babu ƙarfen dalma na kuran irin wanda kuke ganina da shi. Wani jan ƙarfe ne mai ƙotar icce, a tura bakinsa cikin garwashi. In ya yi zafi da yawa ya ƙone cikin rediyo, in bai yi ba dalma ta dunƙule kamar kashin akuya. Kusa da kumatu ake kawo shi a ji. Wanda bai iya ba yakan kawo shi kusa da yawa, ku dubi kumatuna na hagu. Shekara guda cur ina fifita kafin maigida ya bari in riƙe tunabis ɗin kwance kusa. Kayan aikinmu duka ba su cika jakar taba ba: tunabis uku, fensin datse waya mai karyayyen baki, tsohon buroshin haƙori, da gwangwanin madara cike da kusoshin rediyoyin da suka riga mu gidan gaskiya. Batir kuwa da harshe muke auna shi.

Maigida Sanda yana da wata magana da yake dukan ƙeyata da ita kullum. Yakan ce, "Lawali, kuran hanya biyu gare shi, ta zuwa da ta komowa. In ka ga waya ta uku, Nasara ne ya sa ta don ya tsorata baƙauye." A cikin rediyo da kaset da fitila, gaskiya ya faɗi. Shekara da shekaru maganar nan tana ciyar da ni. Ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Akwai wata rediyo mai rigar fata da na gyara ya fi sau ashirin. Ta Buba ce, wani Bafillace da rugarsu take a ƙasar Hawandawaki. Ranar da ya fara kawo ta, a ƙulle cikin tsumma ya kawo ta kamar gawar jariri, ya tsaya nesa da tebur ya dogara da sanda.

"Kaɗo, an ce kai ke ta da matattu."

"Wa ya kashe ta?"

"Saniya ce ta taka."

"To ka kai wa saniyar ta gyara mana."

Ya ja rawani ya rufe baki yana dariya. Na ɗinke ta da dalma da wayar keke, ta yi magana. Daga ranar duk lokacin da ya shigo kasuwa sai ya biyo ta nan, ko rediyo lafiyarta lau, ya ajiye mani ɗan kwanon man shanu a ƙarƙashin tebur kamar wanda ya manta da shi. Abu guda ne ban taɓa cin nasararsa a kai ba: cin abinci gabana. In ce, "Buba, bisimilla, ga tuwo." Ya ce, "Na ƙoshi, Kaɗo," alhali cikinsa na kuka ya fi rediyon ƙara. Ku da kuka tashi cikin gari ba ku san kunyar mutanen nan ba. Bafillace ya gwammace a gan shi ya faɗi da a gan shi yana miƙa hannu.

Zamani ya yi ta juyawa, ni ma ina juyawa bayansa kamar jelar jaki. Kaset ya zo ya wuce, bidiyo ta zo, wayoyin hannu suka zo. Ordinata, wato kwamfuta, ta farko da ta hau teburin nan, irin ta hannu da ake naɗewa kamar littafi, ta wani mushe ce, malamin lakwal da ke koyarwa a wani ƙauye bayan Mayahi. Ya ce, "Tsoho, injin nan akwai furoblem. In ina Maradi gidan yayana gudu take yi. Da na koma ƙauye sai ta zama kunkuru. Se pa normal, ba daidai ba ne." Na gyara zaman gilashina na ce aljanun ƙauye ne ba sa son boko, ya bar ta kwana biyu. Gaskiyar magana ko inda ake kunna ta ban sani ba, sai da na leƙi yatsansa.

Kwana biyun nan babu abin da na yi sai sa waya da cire waya. Akwai hoton kokowa a ciki, na kunna shi. In sharja, wato cajarta, na jikin bango, ƴan kokowa su ɗaga juna su maka da ƙasa, iska na fita ta gefen injin da zafi. In na zare, fuskar injin ta dushe, iskar ta yi shiru, ƴan kokowa su koma kamar tsofaffi masu sanyin ƙashi suna neman inda za su zauna. Na sa, na cire, na sa, na cire, har mai shayin da ke kusa da ni ya ce a kira ƴan uwana.

Ga abin da na gane, daga baya kuma masu ilimi suka tabbatar mani. A cikinta akwai wani ɗan ƙarfe da bai wuce farcen babban yatsa ba, shi ne ke yin duk tunanin, shi ne kuma ya fi kowa ci. In tana bisa kuran sai a sakar mashi ya ci ya ƙoshi, ya yi gudu iyakar ƙarfinsa. In tana bisa batir sai ta zama kamar uwar gida a watan yunwa: ta leƙa rumbu, ta san abin da ya rage, sai ta rage awo don a kai gobe. Ba ciwo ba ne, hankali ne. Mushe yana aiki a ƙauyen da babu kuran, shi ke nan aljanin. Da ya dawo na yi mashi bayani kamar a kan haka aka haife ni. Ya ce, "Tsoho, ina ka yi karatu?" Na ce mashi a nesa.

Daga nan na zama mai wa'azi. Duk wanda ya shigo da ordinata, ko maɓalli ne ya fita, sai ya ji huɗubata: bisa kuran gudu, bisa batir rarrafe. Na sayi wani ɗan gurup ja, janareta ke nan, tsohon hannu daga Najeriya, mai tari kamar ɗan taba, na riƙa ba mutanen furoje, masu ayyukan agaji, haya in za su shiga ƙauyukan da babu kuran. Suka gane ya fi sauƙi su ɗauke ni tare da shi, don babu mai iya lallashinsa sai ni.

Sai shekarar nan ta zo, wadda wasunku suna goye lokacin. Ruwa ya ɗauke hatsi yana bunni, gonaki suka tsaya kamar an zuba masu ruwan zafi. Kafin mu gama jajanta wa juna sai muka ji kiɗan soja a rediyo, an sake karɓe mulki. Mu dai a nan ba mu ga canji ba sai na hoton da ke rataye a biro, wato ofis. Da bazara ta yi, mata suna jiƙa ƴaƴan anza na daji kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, wasu suna haƙa gidan tururuwa suna kwashe abin da ta tara. Shanu suna faɗuwa a bakin rijiya, ana ɗaga su da itace.

Wata furoje, ba zan faɗi sunanta ba don ba ita ta yi laifin ba, ta zo da tsari. Za a rubuta kowane mai gida cikin ordinata tare da hotonsa, a buga mashi kart, wato kati, da kart ɗin zai riƙa karɓar hatsi har kaka. Babu hoto, babu kart. Babu kart, babu hatsi. Mai aikin rubutun ita ce Madam Hadiza, wata ɗiyar Maradi da ba ta fi sa'ar ɗiyata ba, mai zafin nama, ba ta ko tashi shan ruwa in akwai mutum gabanta. Ni ne mai gurup. Aka haɗa mu da sojoji biyu da sarjan ɗinsu, da oda cewa kafin rana ta faɗi mota ta hau kwalta.

Kwana huɗu muka yi a wajen Gidan Amumune babu ko tuntuɓe. Mutum ya zauna, kafin ya gama gyara hula an ce na gaba. Rana ta ƙarshe ta faɗa a wani ƙauye na ƙasar Hawandawaki, can cikin rairayi inda mota ke tafiya tana nishi. Washegari za a rufe lis ɗin sunayen a Maradi.

Muna sauke kaya direba ya maka ƙofar mota bisa wayar sharjar ordinata. Ta yanke, saura fata kawai ke riƙe da ita. Madam Hadiza ta ɗora hannu a ka. Na ce, "Madam, sauke hannunki. Tun ba a haife ki ba nake ɗinke wayoyi." Na ta da gurup, na sa ƙarfen dalma, na baje kayana bisa tabarma ƙarƙashin dogon yaro. Gari duka ya kewaye ni. Ni kuwa in aka kewaye ni, ku kun san halina.

Na feɗe wayar da reza. Ga saƙar ƙarfe ta waje, ga ta ciki, biyu ke nan, ta zuwa da ta komowa. Sai can tsakiya ga wata ƴar siririya kamar gashin jelar doki, da ƴar rigarta. Ta tsinke ta shige ciki. In zan kamo ta sai na ƙara feɗewa ta kowane gefe, aikin da ba zai wuce tafasar shayi ba. Na ɗaga ta sama don kowa ya gani, na ce, "Kun ga wannan? Nasara ne ya sa ta don ya tsorata baƙauye." Aka kwashe da dariya. Na sa fensi na datse ta, na hure ta daga tafin hannuna. Na haɗa biyun da dalma, na naɗe da sikoc mai manne, na sa a gurup. Koriyar fitila ta kama. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Sarjan ya ce, "Tsoho, ashe injiniya muke ɗauke da shi." Mai gari ya fasa goro ya ba ni babban ɓarin.

Da Madam ta kunna injin, sai wani farin rubutu ya fito bisa baƙar fuska ya tsaya. Ta ce, "Baba Lawali, wannan Ingilishi ne, ban taɓa ganin ta yi haka ba." Na leƙa kamar mai karantawa, na ce, "Gaisuwa ce. Danna ki wuce." Ta danna ta wuce.

Yanzu sai in gaya maku yadda ake layi a ƙauye, don ku kun saba da ture-ture. Babu mai kiran suna, kowa ya san inda ƙafarsa take tsayawa. Mai gari da gidansa, liman, sannan gidajen da kakanninsu suka sari garin, sannan sauran magidanta. Bayansu matan da mazansu suka tafi cin rani ba su dawo ba. Can ƙarshe, baƙi da mutanen ruga. Ba zalunci suke nufi ba, haka suka tarar, kuma ranar da layi ke tafiya babu wanda abin ke cutarwa.

Can bayan ƙarshen ma na hango Buba, tsaye da ƙafa ɗaya, yana kallon wani wuri daban kamar hanya ce ta biyo da shi. Ya rame har rawanin ya yi mashi yawa. Na je.

"Buba, matso gaba mana. Ka san mai gurup, wa zai hana ka?"

"Kaɗo, ni ba abinci na zo nema ba. Rediyo na kawo maka, ta yi shiru."

"Ƙarya kake, tsohon banza. Shanu nawa suka rage?"

"Akwai alheri."

Biyu suka rage, daga baya na ji. Na karɓi rediyon na sa a jaka, na ce ya tsaya nan kada ya motsa, yanzu layi zai iso.

Layi bai iso ba. Injin da ke haɗiye mutum kafin ya gyara hula ya koma sai a ɗauki hoto a zauna ana kallon wani ɗan zobe yana juyawa. Mutum ya yi murmushi don hoto, murmushin ya bushe a fuskarsa, zoben na juyawa. Wani tsoho har gyangyaɗi ya yi bisa kujera. Madam ta kashe ta kunna, rubutun nan ya sake fitowa, ta sake dannawa. Na ce zafi ne, na karɓi faifai na yi ta fifita. Na ce esans ɗin, fetur ɗin gurup, shi ne gauraye. Na ce munin fuskokin garin ne ya yi wa injin yawa. Da hantsi an yi dariya. Da azahar babu wanda ya yi.

Bayan an sallame azahar gurup ya yi tari ya mutu, esans ya ƙare. Ina tsugune ina ɗura mashi da mazurari sai na ji muryar Madam ta canza: "Ta farka! Na gaba! Na gaba, Baba, yi sauri!" Kafin in gama ɗurawa in rufe tanki mutum biyar sun tashi. Layi ya motsa, mata suka fara gyara goyo. Na ja igiya, gurup ya tashi, koriyar fitila ta kama. Zoben nan ya dawo yana juyawa.

Madam Hadiza ta dubi injin, ta dubi wayar, ta dube ni. Ta ce, a hankali, "Baba Lawali, ko in cire wayar nan? Kamar ta fi sauri bisa batir."

Sarjan na zaune, mai gari na zaune, goronsa bai gama narkewa a bakina ba. Na ce, da ƙarfi don na bayan ma su ji, "Madam, ke kin yi lakwal, ni na yi aiki. Babu ordinata a duniya da ta fi gudu bisa batir. Hutawa ta yi, ta sha iska. In kika cire batir ya mutu, da idonki za ki ɗauki hoton?"

Sarjan ya ce, "Madam, ki bar wa injiniya aikinsa."

Ɗiyar mutunci ce, ba ta musu da sa'an babanta gaban jama'a. Ta ce na gaba. A kusurwar fuskar injin akwai ɗan hoton batir, ya fi rabi, kuma tun safe yana bisa kuran bai ƙaru ko kaɗan ba. Na gani. Ba zan ce maku ban gani ba. Na ɗauke kai na ci gaba da fifita.

La'asar ta yi sakaliya, sarjan ya dubi rana ya ce a naɗe. Magidanta sun ƙare da ƙyar, an fara taɓa matan. Ban ƙirga waɗanda suka rage ba, amma layin ya kai har bakin rijiya. Madam ta ce, "Sarjan, don Allah, ko rabin awa." Ya ce, "Oda ce, Madam. Ni ma akwai mai jirana da tashi odar." Ina ɗaure gurup a bayan mota tana tsugune tana rubuta sunaye cikin kaye bisa gwiwarta, mata sun rufe ta kowa na faɗin nata. Wata mai goyo ta riƙe ƙofar mota ta ce, "Mu fa, ɗiyata? Tun hantsi muke nan, ko ruwa ban ɗora ba." Madam ta ce, "Za mu dawo, Inna." Buba ko matsowa bai yi ba, ni na ɗaga murya na faɗi sunansa aka rubuta. Da mota ta tashi ya ɗaga sanda ya ce, "Kaɗo, ranar kasuwa zan zo in karɓa."

A biro suka ce sunan da ke cikin kaye ba suna ba ne, sai mai hoto. Aka rufe lis. Ba a koma ba. Madam Hadiza aka ce mata hannunta ba shi da sauri, aikin gaba ba a kira ta ba. Ni an kira ni, an ce injiniyan nan ya ceci aiki a daji.

Hatsi ya zo, aka raba da kart. Matan cikin gari sun ɗan samu daga maƙwabta, tiya nan rabin tiya can, abin da ya hana a mutu bai hana a kwanta ba. Ruga kuwa nesa take, kuma mutanenta ba sa zuwa ƙofar kowa da ƙwarya. Ranar kasuwa ta zo Buba bai zo ba. Ta sake zuwa bai zo ba. Na tambayi masu kawo nono, suka ce ya kora shanunsa biyu ya yi kudu da iyalinsa tun kafin ruwan farko. Wani direba ya ce mani ya ga mai kama da shi a Jibiya yana gadin ƙofar wani gida. Wani ya ce ba shi ba ne.

Har lokacin ina cewa zafi ne. Na faɗa wa mutane da yawa, har na yarda.

Bayan kakar da ta biyo na je Maradi sayen kayan gyara. A cikin babbar kasuwa na tsaya wurin wani mai gyaran ordinata, Nasiru, na same shi ya feɗe wayar sharja irin waccan sak, ya duƙa da gilashin ƙara gani yana lallaɓa siririyar nan ta tsakiya kamar mai cire ƙaya a idon jariri. Na ce, "Kai, bar wahalar da kanka. Wannan ado ce."

Ya ɗago ya dube ni. "Baba, a wane daji kake aiki?"

"Tasawa."

"To Allah ya jiƙan injinan Tasawa. Zauna ka gani."

Ya ce siririyar nan ba ta ɗaukar kuran, magana take ɗauka. Da an sa sharja, injin yakan tambaye ta ta cikin wayar nan: wace ce ke, ƙarfinki nawa? In ta amsa, sai ya saki jiki ya yi gudu. In ya ji shiru, sai ya ɗauka jabu ce ko ƙarama da za ta iya ƙonewa, ya ƙi cika batir, ya rage tafiyarsa har ƙasa da ta batir, can ƙasan da babu sauran ƙasa. Ya nuna mani. Ya ɗage siririyar, ya kunna: ga farin rubutun nan bisa baƙar fuska, gaisuwata. Ya ce abin da rubutun ke faɗi ke nan, ban gane sharjar nan ba, zan rage gudu. Ya haɗa ta, ya sake kunnawa, injin ya tashi kamar an tsikare shi.

Na ce, "To in mutum na daji, abin ya same shi, babu wata sharja?"

Ya ce, "Sai ya haɗa siririyar, ai ba wuya. In ya kasa, ya zare wayar kawai ya yi aikinsa bisa batir, ya fi mashi sau nawa. Baba, lafiya?"

Na ce goro ne ya shaƙe ni. Babu goro a bakina.

A cikin motar komowa na yi ta auna abin. Batir fiye da rabi, da irin gudun da na gani da idona lokacin da nake ɗura esans, ko bai kai ƙarshen layi ba da ya kai kusa da rijiya. In kuwa da na ƙara feɗe wayar tun da safe, da mun gama kafin la'asar har mun sha fura. Na auna ta gaba, na auna ta baya, ta kowane gefe amsar guda ce, kuma hulata ce a kanta.

Ba na ɗora wa Maigida Sanda. Shi rediyo ya sani, kuma a rediyo bai yi ƙarya ba. Huɗubata ma ba ƙarya ba ce: har gobe in kuka kawo mani ordinata mai nauyin jiki, abin da zan fara tambaya shi ne bisa kuran take ko bisa batir, kuma sau da yawa nan ciwon yake. Ba kowace sharja ke da waya ta uku ba. Sai dai ranar nan magana biyu na gaskiya na riƙe, ɗaya a kowane hannu, injin kuma yana nuna mani abin da ke faruwa gaban jama'a, yarinya ta faɗa mani da bakinta, na zaɓi ɓarin goro da sunan injiniya. Wannan ba a kwance shi a hura.

Madam Hadiza ban taɓa faɗa mata ba. Na ji tana Maradi tana sayar da atamfa. Ta iya karatu. In kayen nan ya kai hannunta, to ta ji: hannunki lafiya lau yake, ɗiyata.

Kuna yawan tambayata me ya sa nake ɓata lokaci ina bin kowace ƴar waya da gilashi biyu, mai kaya na tsaye yana tsaki. Kuna kuma tambayar tsohuwar rediyon nan mai rigar fata da ke saman kanta, wai in jefar ko in ba ku ku cire lasifika. Ba abin da ya same ta ranar nan sai tsatsa a mazaunin batir. Da buroshin haƙori na goge, ko dalma ban sa ba. Buba ma ya san haka, ya iya gogewa da kansa, dalilin tsayawa kusa da layi kawai yake nema.

Duk ranar kasuwa nakan sauko da ita in sa mata batir in ji tana magana, in kashe in mayar. Gobe kasuwa ce. Wanda ya riga zuwa a cikinku ya sauko mani da ita, gwiwata ta daina hawa benci.